Babi na Shida: Me Ya Kai Haikali Kan Dutse?

Me ya sa mabiya addinin Buda suke son gina wuraren ibadarsu a kan duwatsu, can bayan gari? Wannan tambaya takan zo wa Bahaushen da tafiya ta kai shi gabashin Asiya, ko wanda ya ga hotunan ƙasashen a wayarsa. Dalilinta kuwa a fili yake. A Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, masallaci yana cikin jama'a ne. Kowace unguwa tana da nata, inda dattijo mai dogara sanda zai iya isa tsakanin kiran salla da tada iƙama. Wanda ya tashi a cikin wannan tsari, in ya ga an ɗora wurin ibada a gefen tsauni, sai an hau matakala ɗaruruwa kafin a kai gare shi, dole abin ya ɗaure masa kai.

Masu yin tambayar suna ƙaruwa, domin tafiye-tafiye sun ƙaru. 'Yan kasuwa suna zuwa Guwangzu a ƙasar Sin da Bankok a Tailan saro kaya. Marasa lafiya suna zuwa Indiya neman magani. Malaman manyan makarantun Arewa kuma da yawa sun yi karatun digiri na biyu da na uku a Malesiya, wasunsu tare da matansu da 'ya'yansu. Malamin da ya tashi daga makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ya samu gurbi a Jami'ar Kimiyya ta Malesiya da ke tsibirin Penang, ba zai daɗe ba zai ji labarin Kek Lok Si, haikalin Buda mafi girma a ƙasar, wanda ke jingine a jikin tsauni a unguwar Air Itam. Da wannan haikali za a yi misali a babin nan, a bi shi daga gindin dutse har ƙololuwa, bayan an san wanda ake kira Buda da abin da ya kai mabiyansa kan duwatsu.

Wane ne Buda?

Sunansa Siddarta Gautama. An haife shi a Lumbini, a kudancin ƙasar Nepal ta yau, wajen shekaru 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan gidan sarauta ne, ya tashi cikin jin daɗi, ya yi aure har ya samu ɗa. Labarin da mabiyansa suka adana ya nuna cewa ganin tsoho da majinyaci da gawa ne ya girgiza shi, ya bar gida yana da shekara 29 don neman amsar tambaya guda: me ke jawo wahala, kuma yaya ake fita daga cikinta? Ya yi shekara shida yana yawo da horar da jikinsa da yunwa, har ya gane cewa azabtar da kai ba ta kai shi ko'ina ba. Yana da shekara 35 ya zauna a gindin wata bishiya dangin ɓaure a Bodh Gaya, a arewacin Indiya, inda mabiyansa suka yi imani cewa a nan ya samu wayewar da yake nema. Ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath, ya ci gaba da koyarwa har ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80.

Koyarwarsa ta ginu a kan abubuwa huɗu: rayuwa tana tattare da wahala, tushen wahalar shi ne kwaɗayi da liƙe wa abin duniya, ana iya kawo ƙarshenta, kuma akwai hanyar da ake bi. Mabiyi na gama-gari yana ɗaukar alkawura biyar: ba zai kashe rai ba, ba zai yi sata ba, ba zai yi zina ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Sun yi imani cewa ana sake haihuwar mai rai bayan mutuwa, gwargwadon aikin da ya yi. A asalin koyarwar babu batun Mahalicci guda da ya yi sama da ƙasa, kuma a nan ne ta yi hannun riga da Musulunci tun daga tushe.

Sarki Ashoka na Indiya, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya ɗaure wa addinin gindi har ya ƙetare iyaka. Daga baya ya rabu manyan rassa. Reshen Terabada ya fi ƙarfi a Siri Lanka da Tailan da Bama da Kambodiya da Lawos. Reshen Mahayana shi ne na Sin da Koriya da Japan da Biyetnam, kuma shi ne ake bi a Kek Lok Si, domin Sinawa ne suka gina shi.

Damina ce mafari

Mabiyan Buda na farko da suka bar aure da dukiya, waɗanda za a kira su ruhubanawa a wannan babi, ba su da mazauni. Yawo suke yi daga gari zuwa gari da ƙoƙon bara, suna kwana a gindin bishiyoyi. Matsala ta taso ne da damina. Indiya ƙasa ce mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma jama'a sun yi ƙorafi cewa masu yawon suna tattake shuka da ƙananan halittun da ruwa ke fito da su. Manomin shinkafa a fadamun Bakura ko a gonakin madatsar Bakolori ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, domin ya san abin da ƙafa take yi wa gona bayan tsiro ya fito. Sai aka kafa doka cewa ruhubanawa su zauna wuri guda tsawon wata uku na damina. Har yau ana kiyaye wannan zama a Tailan da Bama da Siri Lanka.

Zaman wata uku yana bukatar rufi, rufi kuma yana bukatar fili. Sarki Bimbisara ya ba Buda wani kurmin gora a kusa da birnin Rajagaha, wato Rajgir ta yau, kuma ka'idar da aka bi wajen zaɓen irin wannan wuri ita ce ta zama jagora daga baya: kada ya yi kusa da gari har hayaniya ta hana natsuwa, kada kuma ya yi nisa har bara da ziyara su gagara. Gefen tsauni da ke kallon gari ya cika sharuɗɗan biyu. A Rajgir ɗin ma akwai tudun da ake kira Dutsen Ungulu, inda Buda ya sha zama yana koyarwa. Bayan wasu ƙarnoni, ruhubanawa suka shiga sassaƙa ɗakuna a jikin dutse. Kogunan Ajanta a jihar Maharashtra sun kai kusan 30, kuma na farkonsu an fafe su ne tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa.

Sauran dalilan

Dalili na biyu ya shafi yadda ibadar take. Musulmi yana bukatar masallaci a kusa domin jam'i sau biyar ne a yini. Mabiyin Buda na gama-gari ba shi da irin wannan farilla. Da yawansu suna da ɗan wurin ibada a cikin gida, sai su je haikali a ranar tsayuwar wata da ranar cikarsa, ko a manyan bukukuwa irin su Wesak, ranar tunawa da haihuwar Buda da wayewarsa da rasuwarsa, wadda hutu ce a Malesiya. Wurin da ake zuwa sau biyu a wata yana iya yin nisa ba tare da ya takura kowa ba.

Na uku, ana ɗaukar wahalar hawan a matsayin aikin lada. A Doi Suthep, haikalin da ke kan tsauni a saman birnin Chiang Mai na Tailan, wanda tarihinsu ya ce an kafa shi a 1383, akwai matakala sama da 300, kuma masu ziyara da yawa sun fi son takawa da ƙafa duk da akwai na'urar hawa. A ganinsu numfashin da ake yi sama-sama da gumin da ake zubarwa suna rage girman kai kafin a isa.

Na huɗu ya fito ne daga al'adar Sinawa. Tun kafin addinin Buda ya iso musu, wajen ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, suna girmama duwatsu, kuma suna da tsohon ilmin zaɓen mazauni da ke cewa gini mai albarka shi ne wanda ya jingina bayansa da tsauni ya fuskanci ruwa. Da addinin ya zauna, sai aka keɓe masa manyan duwatsu huɗu: Wutai da Emei da Putuo da Jiuhua. Akwai kuma dalilai na zahiri: sama ta fi sanyi, ambaliya ba ta kaiwa, akwai idanun ruwa, kuma ba a cinye wa manoma ƙasar noma ba.

Duk da haka, ba kowane haikali ne yake kan dutse ba. Wat Pho na Bankok da haikalin Liurong na Guwangzu suna tsakiyar birni ne, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Duwatsun ƙasar Hausa

Danganta dutse da bauta ba baƙon abu ba ne a tarihin Hausawa. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe, wanda ke zaune a Dutsen Dala yana jagorantar bautar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci. A Zazzau akwai Kufena. A Zamfara kuwa, duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san Dutsen Kwatarkwashi, wanda ya daɗe yana da alaƙa da al'adun Maguzawa. Bambancin shi ne a ƙasar Hausa Musulunci ya sauko da ibada cikin gari, ya bar duwatsun da tarihinsu, alhali a gabashin Asiya an yi ta ƙara gini a kan gini har wuraren suka zama ƙananan birane.

Yadda aka gina Kek Lok Si

Malesiya ƙasar Musulmi ce. Ƙidayar 2020 ta nuna Musulmi sun haura kashi 63 cikin 100, mabiya Buda kuma kusan kashi 19, akasarinsu jikokin Sinawan da suka zo fatauci da haƙar kuza a zamanin mulkin Ingila. A Penang Sinawa suna da yawa ƙwarai, shi ya sa haikalin yake can.

Wanda ya kafa shi wani babban ruhubani ne mai suna Beow Lean, daga lardin Fujiyan na ƙasar Sin. Ya zaɓi tsaunin Air Itam ne saboda a idonsa siffarsa ta yi kama da gauraka mai buɗe fikafikai. An fara gini a farkon shekarun 1890, kashi na farko ya kammala a 1905. Attajiran Sinawa na yankin, irin su Cheong Fatt Tze da Chung Keng Quee, su suka zuba dukiya, kuma Sarkin Sin Guangxu ya aiko da kyautar kundin littattafan addini a 1904. Tun daga nan ba a daina gini ba, domin kowane zamani yana ƙara nasa, kuma kusan duka da kuɗin sadaka ake yi. Mai ziyara zai ga tulin tayal na rufi a ajiye, kowanne an rubuta sunan wanda ya biya kuɗinsa da sunayen iyalinsa, ana jiran a ɗora shi a sabon gini.

Daga gindi zuwa ƙololuwa

Motar haya daga tsakiyar birnin George Town tana sauke fasinja a kasuwar Air Itam. Daga nan tsohuwar hanya ta fara, matakala ce mai rufi, kantuna dama da hagu ana sayar da riguna da huluna da tsarabar yara. Masu tsofaffi ko jarirai suna iya hawa da mota har farfajiyar tsakiya.

Abin da ke fara tsayar da yara shi ne tafkin kunkuru. Ɗaruruwansu ne a ciki, wasu a kan wasu, suna miƙo wuya idan an jefa musu ganye. Masu ibada ne suke sakin su, domin 'yanta dabbar da aka kama aikin lada ne a wurinsu, kuma kunkuru alamar tsawon rai ne ga Sinawa.

Daga nan sai zauren farko. A tsakiya akwai mutum-mutumin wani mai ƙaton tumbi yana dariya, a gefe kuma manyan gumaka huɗu masu fuskar mayaƙa, waɗanda ake ɗauka masu gadin kusurwoyin duniya huɗu ne. Ƙamshin turaren tsinke ya cika ko'ina. Masu ibada suna riƙe tsinke uku da hannu biyu, su sunkuya sau uku, su soka su a cikin babban kasko mai toka. A kan tebura akwai lemo da abarba da furen bado da kyandirori. A wasu sassan ana rataye ƙyallaye masu launi, kowanne da rubutun bukata: lafiya, cin jarrabawa, albarkar kasuwa, zaman lafiyar aure. Wanda ya tsaya ya karanta waɗanda aka rubuta da haruffan boko zai ga damuwar iyaye a kan 'ya'yansu iri ɗaya ce a ko'ina.

Gaba kaɗan sai hasumiyar da ta fi komai suna, wadda aka kammala a 1930. Hawa bakwai ce, tsayinta mita 30, kuma an haɗa salon gini uku a jikinta: gindinta mai kusurwa takwas na Sinawa ne, tsakiyarta ta Tailan, kanta mai ruwan zinariya kuma na Bama. Sarkin Tailan Rama na Shida ne ya aza harsashinta. A cikinta akwai ƙananan siffofin Buda masu ɗimbin yawa jere a bango, matakalarta kuma ƙunci gare ta, tana ƙara matsewa yayin da ake sama, don haka sai an riƙe hannun yaro. Daga hawa na ƙarshe ana hango birnin George Town da teku da gaɓar babban yankin Malesiya.

Matakin ƙarshe ana kai masa ne da wata ƙaramar na'ura mai tafiya a kan dogo a jikin gangare, ana biyan kuɗi kaɗan. A can sama mutum-mutumin tagulla na Kuan Yin yake tsaye, tsayinsa ya ɗan haura mita 30, wato kamar bene mai hawa goma. An kammala shi a 2002, aka ƙara masa rumfa mai ginshiƙai 16 a 2009. A lokacin sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin Janairu da Fabrairu, ana kunna dubban fitilu a duk haikalin kusan wata guda, kuma a lokacin ne cunkoso ya fi yawa.

Tambayoyin yara

Yaro ba ya ɓoye mamaki. Tambayarsa ta farko takan zama: "Baba, wannan shi ne abin da suke bauta wa?" Amsar gaskiya tana da fuska biyu. Malamansu suna cewa Buda malami ne da ya nuna hanya, sunkuyawar kuma girmamawa ce da tunawa. Amma talakawa da yawa suna roƙon bukatunsu a gaban siffofin, kuma a ma'aunin Musulunci wannan bautar wanin Allah ce. Uba yana iya faɗa wa ɗansa duka biyun a hankali, da muryar da ba za ta kai kunnen mai ibada ba.

Akwai kuskure guda uku da baƙi suka saba yi. Mai tumbin nan da ke dariya ba Siddarta Gautama ba ne, wani ruhubanin ƙasar Sin ne mai suna Budai da ya rayu wajen ƙarni na goma, wanda Sinawa suka ɗauke shi alamar wadata da kuma Budan da zai zo nan gaba. Kuan Yin ma ba Buda ba ce, a imaninsu mai tausayi ce da ke sauraron kukan masu wahala. Alamar nan mai hannaye huɗu a lanƙwashe da ake gani a ƙirjin wasu siffofi kuwa ta girmi 'yan Nazi na Jamus da dubban shekaru, kuma a Indiya da Sin alamar alheri ce. Yara sukan tambayi dalilin dogayen kunnuwan Buda. Bayanin da ake bayarwa shi ne suna tuna nauyin 'yan kunnen sarauta da ya cire ranar da ya bar gidan ubansa.

Ladubban baƙo

Ba a tambayar kowa addininsa a ƙofa, kuma ba a tilasta wa kowa yin komai. Abin da ake so ga baƙo kaɗan ne. Ana cire takalmi kafin a shiga zauren ibada. Ana rufe kafaɗa da gwiwa, kuma a wannan fanni iyalin da suka zo da hijabi da kaftani sun riga sun wuce abin da ake nema. Ba a ɗaga murya, ba a gitta gaban mai ibada, ba a hawa kan siffa ko jingina da ita don ɗaukar hoto. A Tailan da Bama da Siri Lanka ba a miƙe ƙafa ta fuskanci siffar Buda, mace kuma ba ta taɓa ruhubani ko miƙa masa abu hannu da hannu. Wasu ƙasashen suna ɗaukar lamarin da zafi: a 2014 hukumomin Siri Lanka sun kori wata 'yar yawon buɗe ido daga Ingila saboda zanen Buda da ke jikin damtsenta.

Iyakar Musulmi ita ma a bayyane take. Ba ya sunkuya wa siffa, ba ya kunna turare ko kyandir, ba ya ɗaura ƙyallen bukata, ba ya sayen layu da gumakan da ake sayarwa a kantunan hanya. In an miƙo masa tsinken turare, murmushi da ɗora hannu a ƙirji sun isa, ba wanda zai ji haushi. Malamai sun yi maganganu daban-daban a kan hukuncin shiga wuraren bautar wasu addinai, don haka mai niyya ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin ya bar gida. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya tsayawa a farfajiya da lambuna, ya kalli gini da birni daga nan.

Sai shirin tafiya. Agogon Malesiya yana gaba da na Najeriya da awa bakwai, kuma a Penang Azahar tana shiga ne bayan ƙarfe ɗaya, saboda haka wanda ya fita da safe zai gama ziyara ya sauko ya yi salla a masallaci a cikin gari. Safiyar ta fi kyau ta wata fuskar ma, domin zafin tsibirin mai gumi ne, ruwan sama kuma yakan sauko da yamma. A tafi da ruwan sha da laima. A kasuwar Air Itam abincin Sinawa ya fi yawa, wasu da naman alade, don haka a nemi tambarin halal ko shagon Musulmi.

Waɗanda suka riga zuwa

Musulmi sun daɗe suna kallon waɗannan wurare da idon neman sani. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Buda a littafinsa Al-Milal wan-Nihal. Ibn Batuta, matafiyin Maroko, ya hau Dutsen Adamu a Siri Lanka a 1344. Tsauni ne mai tsayin mita 2,243, a ƙololuwarsa akwai wani gurbi a jikin dutse mai siffar tafin ƙafa. Mabiya Buda suna cewa sawun Buda ne, Musulmin wancan zamani kuma suna danganta shi da Annabi Adamu (AS). Ibn Batuta ya ba da labarin hanyoyi biyu na hawa, ta Baba da ta Mama, da sarƙoƙin ƙarfe da ake kamawa a wuraren da suka yi tsaye, har ya ambaci cewa ana kiran ta ƙarshe sarƙar kalmar shahada, saboda tsoron da ke kama wanda ya leƙa ƙasa daga wurin. Shi ne dai matafiyin da ya iso Takedda, a Nijar ta yau, a 1353, ya kuma ambaci Gobir a cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Ya ga abin da ya gani, ya rubuta shi, ya koma gida da addininsa.

Gaskiya ne cewa abin da mai sauraron rediyo a Maradun ya fi sani game da mabiya Buda shi ne labarin Rohingya. A 2017 sojojin Bama sun kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangladesh, kuma wasu ruhubanawa masu tsattsauran ra'ayi sun hura wutar ƙiyayyar. Zalunci ne da bai kamata a manta da shi ba. Amma tsohuwar da ke kunna turare a Penang tana roƙa wa jikanta lafiya ba ita ta aikata shi ba, kuma alkawarin farko na addininta shi ne hana kisa. Musulmin Najeriya, wanda ya san zafin a shafa masa laifin da wasu tsiraru suka yi da sunan addininsa, shi ya fi cancanta ya bambance tsakanin mai laifi da wanda kawai suka yi tarayya a suna.

Ga amsar tambayar da aka fara da ita. Damina ta zaunar da masu yawo, neman natsuwa ya fitar da su bayan gari, bukatar bara ta hana su yin nisa, ibadar da ba ta da jam'in kullum ta sa nisan bai dami jama'a ba, sannan al'adar Sinawa da dukiyar attajirai suka mayar da bukkoki manyan gine-gine. Iyalin da suka hau da wannan sani suna ganin fiye da gumaka da fenti, kuma yaran suna koyon yadda ake girmama mai gida ba tare da an bar nasu ba.

A cikin George Town, tafiyar ƙasa da awa guda daga Air Itam, akwai titin da masallacin Kapitan Keling yake, wanda Musulmin Indiya 'yan kasuwa suka kafa a farkon ƙarni na 19, kuma a kan titin guda akwai haikalin Sinawa da na Hindu da coci. Babi na gaba zai bi sawun waɗannan fatake, ya nuna yadda jiragen ruwa da ciniki suka kai Musulunci tsibiran Malesiya da Indunusiya, har zuwa tsohon masallacin Huaisheng na Guwangzu, birnin da 'yan kasuwar Kano da Gusau suke sauka a yau.